HM ko LS, ko in tafi ba sana'a? Waɗanda suka yi sojan ruwan Amurka ku ba ni shawara

Baƙon Bronx: Assalamu alaikum. Ina da girin kad, na ci jarrabawar ASVAB ta shiga sojan Amurka, ranar Alhamis zan koma in sa hannu. Zaɓi uku aka ba ni: HM, LS, ko in shiga ba a ba ni sana'a ba sai daga baya in zaɓa. Na ukun ne mai saurin tafiya, HM kuwa sai na jira watanni. Burina in zama nas nan gaba. Sannan wanda ya yi mini bayani, a katinsa an rubuta LS1, ga SW da AW a gaba. Muƙami ne ko sana'a?

Baban Sadiƙ: Wa alaikumus salam. Ɗan ƙanena a Onne ya yi nasa tirenin, can jihar Ribas, kuma ba wanda ya tambaye shi abin da yake so. Ka karɓi abin da Allah Ya ba ka.

Ƴar Maradi: Baba, na Amurka yake nufi, ba na Najeriya ba.

Dokta na Norfolk: Ƙanena, baƙaƙen biyu na farko sana'a ce, lambar kuma matsayi. LS mai kula da kaya da sito, HM ma'aikacin jinya, CS mai girki, BM mai aikin saman jirgi da igiyoyi. Lambar a juye take: 3 ne ƙarami, wato matakin albashi na E-4, sai 2 shi ne E-5, sai 1 shi ne E-6. Daga nan C, Cif ke nan, E-7. Mutumin naka E-6 ne. SW da AW ba su ƙara masa girma, shaida ce ta cewa ya zauna gaban kwamiti ya ci jarrabawar sanin jirgin ruwa da ta ɓangaren jiragen sama. Ni HM2 ne mai FMF, wato na yi aiki da dakarun Marine. In ka ɗauki HM, bayan tirenin farko a sansanin Great Lakes za a kai ka San Antonio a Texas. Amma ka sani, HM ba ya ba ka lasisin nas a waje, sai ka koma makaranta.

Ɗan Zango: Kada ka kuskura ka ɗauki na ukun. Ni wani ɗan garinmu ne, wanda nake ganin girmansa, ya ce in shiga kawai, in na isa jirgi zan zaɓi abin da raina ke so. Na biye masa. Da na isa aka miƙa mini abin kankare tsatsa da bokitin fenti. Ka kankare, ka shafa, gishirin teku ya sake ci, ka sake kankarewa. Faratana har yau ba su koma daidai ba. Aka tura ni kicin wanke tire na watanni, ina fitowa aka mayar da ni gadi cikin sanyin dare. Waɗanda muka fito tare suna da sana'a a gaban sunansu, ni SN kawai, wato kurtun jirgi mara sana'a. Da lokacin zaɓi ya yi na ce IT, wato aikin kwamfuta, aka ce sai ɗan ƙasa, ni kuwa takardata ba ta fito ba. BM ne ya rage. Mutumin nan da na kira shi cewa ya yi in yi haƙuri, haka Allah Ya so. Tun ranar gaisuwa kaɗai ke haɗa mu.

Maman Ilham: Wayyo, Allah Ya saka maka. To albashin fa, ya kai wahalar?

Ɗan Zango: Sabon shiga, dala dubu ɗaya da ɗari shida da ɗoriya a wata.

Malam na Columbus: A'a, dubu biyu da 'yan kai ne. Ɗana ya shiga a 2024.

Dokta na Norfolk: An yi wa ƙananan sojoji babban ƙari a 2025, a shekarar albashin wanda ya cika wata huɗu ya haura dala 2,300, ban da kuɗin gida ga mai iyali. Ɗan Zango, wace shekara ka bar aiki? Tun Yulin 2024 ma wanda ya cika wata 30 yana zama E-4, ba sai ya ci jarrabawa ba.

Ɗan Zango: Ko yaushe na bari, tsatsa ba ta canja ba. Kai da ke zaune a asibiti cikin sanyin na'ura me ka sani game da jirgi?

Dokta na Norfolk: Jakar magani na goya ina bin Marine a ƙafa, ɗan'uwa. Ka tambayi ma'anar FMF tukuna.

Malam na Columbus: Ku yi haƙuri, kowa abin da ya gani yake faɗa. Amma shawarar wanda ke ciki yanzu ta fi, dokokin nan juyawa suke. A 2016 ma an soke sunayen sana'o'in nan gaba ɗaya, sojoji suka yi ca, kafin shekarar ta ƙare aka dawo da su.

Sarkin Tsire: Ka nemi CS kawai, ka koya wa Amurkawa tuwo da miyar kuka. Wata uku za su naɗa ka Cif.

Ƴar Maradi: Hhhh, kai ba ka da dama.

Maman Ilham: Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Mijina YN2 ne, aikin ofis da takardu. Tun ranar da hotonsa da farin kaki ya isa gida, dangi suka yanke cewa hafsa ne babba. Mun yi bayani har mun gaji cewa kurtu ne mai igiya, ba a ji. Wannan kuɗin makaranta, wancan jari, wani kuma a sa masa ɗa a aikin soja, kamar shi ke ɗauka.

Ɗan Zango: Hajiya, ai naku da sauƙi. Ni ina fenti a tsakiyar teku, kawuna yana gaya wa mutane a masallaci cewa ni ke tuƙa jirgin. Da na dawo hutu, layi na tarar a ƙofar gida.

Malam na Columbus: Ni na hana ɗana tura hoto da kaki. Uwarsa ce ba ta ji, jiya ma ta sa a WhatsApp.