Zan tafi Texas karatu, an cika mini kunne da labarin 'yan kaboyi da bindiga

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na samu gurbin digiri na biyu a jami'ar Texas A&M da ke garin College Station a Amurka, tafiya watan Agusta in Allah ya yarda. Tun da maganar ta fito kowa da abin da yake faɗa: wai kowa da bindigarsa a ƙugu, wai 'yan kaboyi ne masu ji da kai, ba sa son baƙo. Hankalin Hajiyarmu ya tashi. Ni kuwa Turancinsu ne ya fi damuna, don na yi waya da mai gidan haya, rabin maganarta ta wuce ni. Mazauna can, don Allah a haska mini.

Abban Sadiq, Houston: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sanya albarka. Jan kalma suke yi a baki, amma kunne zai saba. Riƙe waɗannan tukuna. "Y'all" shi ne "ku", in taro ne su ce "all y'all". Wanda ya ce "I'm fixin' to go" ba gyaran komai yake yi ba, shirin tafiya yake. "Howdy" gaisuwa ce, a makarantarku ma ita ce gaisuwar da aka san su da ita, wanda bai san ka ba zai jefo maka a hanya, ka mayar masa. Dattawansu kuma duk lemon kwalba "coke" ne, yadda muke ce wa kowane garin sabulu Omo, don haka kada ka yi mamaki in an tambaye ka wane iri.

Maman Hanif, Dallas: Abban Sadiq ka manta da babbar, "bless your heart". Tsohuwa za ta faɗa maka tana murmushi. In rashin lafiya ka yi, tausayi ne. In shirme ka tafka, to, cikin ladabi ta ce maka sakarai. Kai dai kada bakinka ya rabu da "yes ma'am" da "yes sir", suna son girmamawa, kuma wannan ba sai an koya wa Bahaushe ba.

Malam Nura: Zancen bindiga ba ƙarya ba ne. Tun watan Satumba na 2021 ɗan shekara 21 zuwa sama na iya yawo da ƙaramar bindiga ba lasisi. Sai dai yawanci a ɓoye take, ba kamar a fim ba. Kai da bizar ɗalibi, nesanta kanka da ita gaba ɗaya, kuma kada ka biye wa kowa a rigimar titi. Ji da kai kuwa da tushensa: daga 1836 zuwa 1845 Texas ƙasa ce mai cin gashin kanta, shi ya sa tutarsu ko'ina. Amma rubutun "Don't Mess with Texas" da za ka gani a bayan motoci ba barazana ba ce, hukumar hanyoyin jihar ce ta ƙirƙiro shi don hana zubar da shara.

Hajiya Bilki: Ni dai kada a rufe shi. Masu kallon baƙo a wulaƙance suna nan, musamman in matarka na sa hijabi kuka shiga ƙananan garuruwa. Ba yawa, amma akwai.

Abban Sadiq, Houston: Gaskiya ne Hajiya. Amma a gaya wa Hajiyarsa yawancin mutanen jihar 'yan birni ne, malafa da takalmin kaboyi sai lokacin bikin sukuwa da shanu na Houston, wajen watan Maris. Akwai masallaci kusa da makarantar. In kewar abincin gida ta kama ka, kasuwannin 'yan Najeriya na unguwar Alief a nan Houston, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi. Wurin gashin naman 'yan Texas ka dinga tambaya, "brisket" naman sa ne amma sau da yawa akwai alade a tsiran hanjinsu. Kuma fara koyon tuƙi tun yanzu, babu mota babu Texas. Turo mini ranar saukarka, zan ɗauko ka a filin jirgi.