Neman shawara: fumfuna ta kama huhun Yayana bayan dashen zuciya

Assalamu alaikum. Don Allah likitoci da duk wanda ya taɓa jinyar mai dashe, ku taimaka mana.

Wata biyar ke nan da aka yi wa Yayana dashen zuciya a Indiya, muka dawo gida Gombe. Yana shan tacrolimus safe da dare don kada jiki ya ƙi sabuwar zuciyar, shi kuma wannan magani yana kwantar da garkuwar jiki. Da hunturu ya kama sai tari ya sa shi gaba, ga zazzaɓin da maganin maleriya bai ko girgiza ba. Mun ɗauka ƙura ce. Ashe Aspergillus ce, irin fumfunar da ke cikin ƙasa da ruɓaɓɓen hatsi, ta shiga huhu.

An ɗora shi kan voriconazole, maganin fumfunar, kuma a nan gizo ke saƙa. Wannan magani yana sa tacrolimus ya taru a jini har ya taɓa ƙoda. An rage masa tacrolimus ɗin, amma hannunsa rawa yake, ko kofin shayi sai na tallafa masa. Likita ya ce a riƙa auna yawan tacrolimus a jininsa akai-akai, ga shi sai an tura wani gari, sakamako ya kwashe kwanaki.

Ina ake wannan gwajin a kusa, Bauchi ko Jos, a samu sakamako da wuri?

Sannan ga tattabarunsa a tsakar gida, ga buhunan masara a zaure, Hajiya ta ce ba mai taɓa mata su. Dole ne a kwashe, ko sa takunkumi ya wadatar?