Ƙugi a lasifika idan kwamfuta tana caji

Assalamu alaikum. Don Allah masana harkar sauti ku taimaka min.

Ina sauraron waƙoƙi ta intanet, nau'in FLAC (wanda ba ya rage ingancin sauti), daga kwamfuta zuwa DAC ta USB (na'urar da ke juya sautin dijital zuwa siginar da amfilifaya ke karɓa), sannan amfilifaya. Da zarar na jona caja sai wani ƙugi ya taso a lasifika, har da tsuwa idan na motsa linzami. Na cire cajar, shiru kake ji. Na canja wayar RCA (mai haɗa DAC da amfilifaya), na haɗa komai a soket ɗaya, duk a banza. Bluetooth babu ƙugin, amma yana matse sautin, shi ya sa ba na sonsa.

Ina zargin wuta ce ke zagayowa ta wayar ƙasa tsakanin cajar da amfilifayar. Na'urar da ke raba wutar kwamfuta da ta DAC a layin USB za ta magance wannan, ko gara in koma wayar Toslink, tunda haske ne ke ɗaukar sautin?