Yaya zan auna tasirin binciken Farfesa Murdock?

Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta kundin kammala digiri a nan Kano kan Larry Murdock, masanin ƙwari na Jami'ar Purdue a Amurka. Aikinsa a arewacin Kamaru ne ya haifar da buhun ajiyar wake na PICS mai ruɓi uku, wanda ledojinsa biyu ke toshe iska, ƙwarin wake su mutu ba magani.

Ga inda na maƙale: malamina yana son adadin masanan da suka kafa hujja da rubuce-rubucensa, amma Google Scholar da Scopus, shafukan intanet masu ƙirga irin wannan adadi, kowanne da nasa lissafin. Wanne zan ɗauka? Ni kam, a ganina waken da 'yan kasuwar Dawanau ke ajiyewa a buhun ya fi lissafin nan nauyi. Ana karɓar irin wannan hujja a kundi?