Yaya mutum zai tsayar da salon shigarsa, kuma ina ake samun shiru a cikin Kano?

Ɗan Gwale:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya biyu gare ni, kuma a ganina a haɗe suke. Ta farko, ma'aikaci mai matsakaicin albashi a Kano yaya zai tsara suturarsa ta zama tasa, a riƙa ganinsa a kintse kullum, ba sai ranar Juma'a ko ɗaurin aure ba, ba kuma tare da ya bi kowane sabon yayi ba? Kaya kala nawa suka isa, wane yadi, wace hula? Ta biyu, bayan hayaniyar kasuwa da hon ɗin 'yan adaidaita sahu, ina mutum zai zauna na awa ɗaya a garin nan kansa ya huce? Ba gidan abinci mai kiɗa nake nufi ba. Don Allah masu sani a yi bayani dalla-dalla.

Mai Almakashi:

Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka doshi Kantin Kwari, fara da lissafi. Kaftani da wando kala shida sun riƙe mako: biyar na aiki, ɗaya na Juma'a. Ka ƙara babbar riga ɗaya ta Sallah da ɗaurin aure, da jallabiya biyu na zaman gida da masallacin unguwa. Kaftani da wando na babban mutum yadi huɗu ne zuwa biyar, mai tsayi ko mai jiki ya ɗauki biyar cif. Babbar riga da 'yar ciki da wando yadi goma ne.

Abin da ke sa a ce wane yana da tsari shi ne launi. Zaɓi uku ka tsaya a kansu, misali fari, ruwan toka da shuɗi mai duhu, ko ruwan madara, ruwan ƙasa da fari. Amfaninsa, hula ɗaya za ta hau kaya uku, takalmi ɗaya ya hau duka. Wanda ya sayi kowane launi da ya burge shi a shago sai ya wayi gari da kaya goma da hulunan da ba su dace da ko ɗaya ba.

Yadi kuma ya bi yanayin gari. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano kan taɓa digiri 40, a nan boyel ko auduga zalla mai haske kake so. Yadin roba yana da sheƙi a shago, amma ba ya shan gumi, kafin azahar bayan rigar ya manne a jiki, wari kuma ya kama hammata ya ƙi fita. Gwajinsa ba wuya. Damƙe gefen yadin a tafin hannu ka saki, auduga za ta yamutse, roba za ta koma sumul. In kana shakka, zaro zare ɗaya ka sa masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri. Da hunturu ka rage farare, domin ƙura na mayar da wuyan riga da bakin hannu ja a yini ɗaya. Lokacin shadda mai nauyi ne da launuka masu ɗaukar ƙura.

A wajen ɗinki, wuri uku ake ɓata kaya. Ɗinkin kafaɗa ya zauna daidai kan ƙashin kafaɗa, in ya zubo sai ka ga mutum kamar aron rigar ya yi. Hannu ya tsaya a wuyan hannu. Ƙafar wando ta taɓa idon sawu, kar ta share ƙasa. Yadin auduga a tsoma shi a ruwa ya bushe kafin a yanka, saboda yana janyewa a wankin farko, amma ban da shadda, ita ruwa zai ɗauke mata sheƙin da ka biya kuɗi dominsa. Ka ce wa tela ya bar inci ɗaya ta ciki a kowane gefe don gaba. Ka riƙe tela ɗaya, ka kai masa rigar da ta fi zama a jikinka ya auna da ita. Ɗinkin Sallah kuma a kai shi mako shida kafin lokaci, domin na makon ƙarshe yara masu koyo ake miƙa wa, cikin dare, da gaggawa.

Aikin wuya na kayan yau da kullum ya zama kaɗan, zarensa kusa da launin yadin. Aikin kwamfuta mai kauri a kan boyel mara nauyi yana jan ƙirjin rigar ƙasa, bayan wanki biyu ya tattare. Aska biyu ko aska takwas na babbar riga ne, can ya dace.

Shadda, musamman mai tsada irin Getzner, ana wanke ta da ruwan sanyi da sabulu mai laushi. Ba a jiƙa ta ta kwana, ba a murɗe ta, a shanya ta a juye cikin inuwa. Guga ta bai ake yi mata, kuma a kula da dutsen guga na gawayi, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda ƙirjin riga. In sheƙi ya fara mutuwa, kai ta wurin masu bugu, akwai su a gefen marinar Ƙofar Mata. Sukan yayyafa ruwa, su ninke ta a kan gungume, su bi ta da tabaren katako har ta ɗauki ƙyallin da dutsen guga ba zai ba ta ba.

Hula uku sun isa: zanna bukar biyu, ƙube ɗaya. Ka san awon kanka, a zagaya da tef ta goshi da saman kunne, yawanci inci 22 ne zuwa 23. Ka faɗa wa mai wankin hula wannan lambar, domin in ya ɗora ta a gungumen da ya fi kanka girma, ta buɗe ke nan. Sitaci in ya yi yawa yana karya zare. Kar kuma ka cusa hula mai gumi a leda, fumfuna za ta kama ta.

Hajiyar Kabbasa:

Sannu da ƙoƙari, Malam Mai Almakashi, bayani ya yi. Sai dai an bar abin da mutane ke fara ji tun kafin su kalli ɗinki, wato ƙamshi da ƙafa.

Ɗan'uwa, turare ɗaya za ka riƙe har a san ka da shi. Haɗa kala uku a jiki cikin zafin bazara ciwon kai yake sa wa wanda ke kusa da kai a sahu. Turaren mai a fata ake shafa shi, wuyan hannu da bayan kunne. In aka ɗiga shi a kan shadda yana barin tabo zagayayye wanda wanki ba ya fitarwa da sauƙi. Kar a bar kwalba a mota ko a taga, zafi na juya ƙamshin.

Turaren wuta na kaya ga yadda ake yi. A jira garwashi ya daina ci da harshe, farar toka ta rufe shi. A zuba rabin ƙaramin cokali, ba fiye ba. A kifa kabbasa, wato kwandon da ake turara kaya a kansa, a kan kaskon, a shimfiɗa kayan suna da ɗan danshi, domin busasshen yadi ba ya riƙe hayaƙi sosai. Minti goma zuwa goma sha biyar ya isa, a juya sau ɗaya. In wuta ta yi ƙarfi turaren ƙonewa yake, kaya su ɗauki ƙauri. Farare a ɗora su daga sama, a kan wasu kayan, saboda hayaƙin yana ɗauke da mai kuma yana sa fari ya yi rawaya-rawaya. Ba a barin kasko da kaya a ɗaki ba kowa.

Takalmi biyu ake juyawa, yau wannan gobe wancan, fata ta samu ta sha iska. Na fata irin na Kasuwar Kurmi in ruwan sama ya doke shi a bar shi ya bushe a inuwa, rana na sa shi ya tsattsage. Da hunturu man kaɗanya a dunduniya kowane dare bayan an wanke ƙafa. Shadda mai sheƙi a kan ƙafa mai kaushi ba ta yin kyan gani.

'Yan'uwa mata masu karantawa, lissafin ɗaya ne. Turmin atamfa yadi shida ne, yana fitar da riga da zani da ɗankwali. Mayafi uku marasa zane sun fi goma masu ado amfani, domin atamfa ta riga ta cika da zane.

Mazaunin Dala:

Ni zan ɗauki tambaya ta biyu. A Kano shiru ya fi dogara da lokaci fiye da wuri, don haka zan haɗa kowane wuri da sa'arsa.

Dutsen Dala: bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, zuwa wajen ƙarfe bakwai da rabi. Akwai matakala har sama. Daga can za ka hango Goron Dutse da koriyar ƙubbar babban masallacin Juma'a na cikin gari, hayaniyar kuma tana iso ka kamar daga nesa. Washegarin ruwan sama ya fi kyau, iska ta wanke. Da hunturu hazo na rufe komai, ga sanyi mai ratsa boyel. Sa takalmi mai kama ƙasa, mai sulɓin tafi yana zamewa a kan dutse. Da yamma yara sun cika wurin, bayan magariba kuma kar ka hau.

Gidan Makama, gidan tarihin da ke daura da fadar Sarki: gini ne na ƙasa da ake danganta asalinsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Kaurin bangon da rufin azara suna riƙe sanyi, kana shiga zaure za ka ji zafin titi ya sauka daga kafaɗarka. Ana biyan kuɗin shiga. Da hantsi a ranakun karatu makarantu kan kawo ɗalibai, don haka bayan azahar ya fi. Haka ma Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, inda Baturen nan Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a 1909. Ba a cika cunkoso a can ba.

Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello shi ne wurin da ba wanda zai tambaye ka me kake yi don ka zauna shiru. Lokacin jarrabawa ne kujera ke wuya. Gidan Zoo na Audu Bako yana da inuwar manyan bishiyoyi, ka je ranar aiki da safe. Ranakun hutu da bikin Sallah ba masaka tsinke.

Mafi kusa da kowa shi ne masallacin unguwa ko na wurin aiki, tsakanin azahar da la'asar. Minti ashirin a jingine da ginshiƙi, waya a kashe. Wasu masallatan ana rufe su tsakanin salloli, ka gaisa da ladan ka nemi izini, kar ka miƙe kana barci a inda aka hana.

Abu ɗaya mai muhimmanci: wuri mai shiru daban, wurin da ba kowa daban. Ƙwacen waya gaskiya ne a garin nan. Zauna inda akwai maigadi, ko mai shayi, ko masu sayar da furanni irin na gefen titunan Nasarawa suna ganinka. Waya ta zauna a aljihun gaba. Mata kuma su fi karkata ga laburare ko sashen mata na masallaci, in Gidan Zoo ne ko Dala a tafi da 'yar rakiya.

Ɗan Gwale:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Saura ɗaya: wanda ke fita ƙarfe bakwai ya dawo bayan magariba, kwana shida a mako, ina zai samo wannan lokacin?

Mazaunin Dala:

Malam, ba sai awa ɗaya a dunƙule ba. Ka yanke minti ashirin na bayan azahar ka mayar da su ƙa'ida, abokan aiki su san ba a nemanka a lokacin. Lahadi da safe kafin ƙarfe takwas titunan Nasarawa ba motoci sosai, tafiyar ƙafa ta rabin awa a ƙarƙashin darbejiya ta wadatar. Sannan Asabar ɗin ƙarshen wata, da ake taƙaita zirga-zirga daga bakwai zuwa goma na safe saboda tsaftar muhalli, garin yana yin tsit. In ka gama sharar ƙofar gida, shimfiɗa tabarma a zaure.

Mai Almakashi:

Kuma a ranar Lahadin ka goge kala shidan gaba ɗaya, ka rataye kowanne da hularsa a sama, wando a ninke a cikin rigar. Na Juma'a ka rufe shi da tsohon zanen gado saboda ƙura, ba da leda ba.