Wa ya kashe wa JaMarcus Russell kasuwa, shi ko Raiders?

Ɗan Bronx: Salamu alaikum jama'a. Jiya a shagon aski aka sake tayar da zancen JaMarcus Russell, kowa na cewa NFL, babbar gasar zari-ruga ta Amurka, ba ta taɓa ganin asara irinsa ba. Abin da na faɗa a can shi zan maimaita a nan: Raiders ce ta kashe wa yaron nan kasuwa. Da ƙungiya mai tsari ce ta ɗauke shi a 2007, da yanzu wani labarin ake yi. Wanda bai yarda ba ya fito fili.

Baban Iman: Wa'alaikumus salam. Ku dai tuna akwai irinmu na Kano da ba mu san komai ba sai Firimiya. Wane ne shi, kuma lamba nawa yake bugawa?

Ɗan Bronx: Yaya, ba ƙwallon ƙafa ba ce, zari-ruga ce ta Amurka. Shi kwatabak ne, wato mai jefa ƙwallo, duk harin ƙungiya daga hannunsa yake tashi. Ɗan garin Mobile ne a jihar Alabama, ya yi jami'ar LSU. A Janairun 2007 ya ragargaza Notre Dame 41 da 14 a wasan Sugar Bowl. Ƙato ne, ƙafa 6 da inci 6, ga hannu kamar majaujawa. To a can ba a sayen sababbin 'yan wasa kamar yadda Madrid take yi. Duk shekara ana jera yaran jami'a, ƙungiyar da ta fi kowa shan kashi ita take fara zaɓa. Raiders wasa 2 ta ci cikin 16 a 2006, sai ta ɗauke shi a matsayin na ɗaya.

Baban Iman: Au, wato ladan wanda ya fi kowa iyawa shi ne a kai shi gidan da ya fi kowane lalacewa? Wannan ai zalunci ne da lasisi.

Ɗan Bronx: Yauwa! Ka ga Yaya ma da bai san wasan ba ya gano bakin zaren.

Kawu Direba: Ɗana, bi a hankali. Ni wasannin nan a lokacinsu na bi su, wasu a rediyon mota ina kan hanya da kaya, ba guntayen YouTube ba. Ka fara labari daga tsakiya. Me ya fara yi bayan an zaɓe shi? Ƙin zuwa sansanin atisaye. Tun ƙarshen Yuli abokansa suna cikin rana suna haddace tsarin wasa, shi yana gida ana cinikin kuɗi. Sai 12 ga Satumba ya sa hannu, an riga an buga wasan farko. Kwantiragin shekara 6, dala miliyan 61, miliyan 32 a ciki tabbas ne ko ya buga ko bai buga ba. Bai taka fili ba sai Disamba. Juma'ar da za ta yi kyau ai tun daga Laraba ake gane ta.

Ɗan Bronx: Kawu, ciniki mutum biyu ke yinsa. Me ya hana Al Davis, mai ƙungiyar Raiders a lokacin, biya tun Yuli, tunda ƙarshenta dai ya biya? Kuma wakilai ne suke zama a teburin, ba yaro ɗan shekara 22 ba.

Kawu Direba: Wakilin ne yake yi masa aiki ko shi yake yi wa wakilin?

Mai Lissafi: Bari in ajiye alƙaluma kafin hayaniya ta yi yawa. Kaka 3 ya yi. Ya fara wasa 25, aka ci 7, aka sha kashi 18. Jifansa 18 ne suka zama ci, 23 abokan hamayya suka cafe. Kashi 52 cikin 100 na jifansa ne kawai suka isa hannun nasa. Ya karɓi sama da dala miliyan 35, wato kowace nasara ta tashi a kan miliyan 5 da 'yan kai. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bambancin shekarun biyu. A 2008 ci 13 ya jefa, aka cafe 8, ya kuma rufe kakar da doke Houston da Tampa Bay. Wannan ba abin kunya ba ne ga sabon shiga. A 2009 sai ci 3, cafewa 11. Mutum bai saba yin baya haka a shekararsa ta uku ba. Duk wanda zai yi mana bayani, ya bayyana mana wannan faɗuwar.

Ɗan Bronx: Ni zan bayyana. Kocin da aka ba shi, Lane Kiffin, ɗan shekara 31 ne lokacin da aka ɗauke shi, bai taɓa riƙe ƙungiya ba, kuma ba ya son Russell. Ba ni na ƙirƙira ba. Ranar da Al Davis ya kori Kiffin, ƙarshen Satumban 2008, ya tara 'yan jarida ya haska musu wasiƙar da ya rubuta masa a bango, a ciki yake cewa ya san Kiffin bai so a ɗauki Russell ba. Shi Kiffin Calvin Johnson, mai kama ƙwallo, yake so. Ku duba fa: mai gida da koci suna faɗa a kanka a gaban duniya, kai kuma an ce ka jagoranci mutane. Aka ɗauko Tom Cable, mai horar da 'yan tare gaba, aka ba shi ƙungiya. A kaka ɗaya mutum uku suka karɓi kiran wasa, wato zaɓa masa salon harin da zai buga. Sannan wa zai jefa wa? A makon da suka zaɓe shi suka sallama Randy Moss ga New England a kan zaɓin zagaye na 4, Moss ya je can ya kama ci 23 a shekarar. A 2009 suka ɗauki Heyward-Bey a lamba 7 saboda gudu kawai, duk kakar ƙwallo 9 ya kama. Tara! Ƙungiyar nan daga 2003 zuwa 2009 ba ta taɓa yin kakar da ba ta sha kashi 11 ko fiye ba. Russell ya tarar da gidan yana cin wuta, ba shi ya kunna ba.

Kawu Direba: Duk abin da ka faɗa a kan Al Davis gaskiya ne, har ma ka rage. Tsohon nan a ƙarshen rayuwarsa agogon gudu yake bi, ba hankali ba. Amma amsa min wannan. Nuwamban 2009 Cable ya ajiye Russell a benci ya sa Bruce Gradkowski, wanda ƙungiyoyi suka yi ta yarwa. Da yaran nan dai, da kocin nan dai, ya doke Cincinnati a wasansa na farko, ya je har Pittsburgh ya doke masu riƙe da kofi 27 da 24. Shekarar da ta biyo, babu Russell, suka yi 8 da 8. Gidan da ka ce yana cin wuta, ya aka yi wasu suka kwana a ciki?

Ɗan Bronx: A Disambar nan ɗin dai Russell ya taso daga benci ya jefa cin da aka doke Denver 20 da 19. Wannan ba ka ji shi a rediyon ba?

Kawu Direba: Na ji. Rana ɗaya.

Mai Lissafi: Akwai kuma Nnamdi Asomugha, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Daga 2003 zuwa 2010 ya buga wa Raiders, ya ga kociyoyi fiye da waɗanda Russell ya gani, amma a cikin wannan ruɗanin ya zama ɗaya daga cikin 'yan bayan da aka fi tsoro a NFL.

Ɗan Bronx: Malam, ba ɗaya ba ne. Ɗan baya irin Asomugha mutum guda aka ce ya tsare, shi da ƙafarsa. Kwatabak kuwa sai mutum goma sun yi daidai kafin a ga nasa.

Kawu Direba: To bar ƙafa, mu zo kan kai. Labarin faifan fa? Tsofaffin 'yan wasa sun ba da shi a rediyo: masu horarwa suka yi zargin ba ya nazarin bidiyon abokan hamayya, suka ba shi faifan da babu komai a ciki, washegari ya dawo yana cewa ya kalla. Ga ƙiba, ana ta rahoton ya doshi fam 300. Shi ma Al Davis ne ya riƙa ɗura masa abinci?

Ɗan Bronx: Labarin faifan nan shekaru bayan an gama komai ya fito, lokacin da sukarsa ta zama abin nishaɗi. In ma ya faru, malamin da zai ɗana wa ɗalibinsa tarko ya riƙa ba da labari ana dariya, maimakon ya zaunar da shi, ai ya gaya maka irin makarantar.

Anti Nas: Ina karantawa tun ɗazu, yanzu na sauka daga aiki. Mai Lissafi ya yi tambaya mai kyau, kuka tsallake ta kuka koma kan kociyoyi. Me ya faru tsakanin 2008 da 2009? A Afrilun 2009 kawunsa Ray Ray ya rasu, wanda shi ne kamar uba a wurinsa, shi yake bin sa ko'ina tun yana yaro. Bayan 'yan watanni wani kawun ya bi shi. Mu da muka san matsayin kawu bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Yaro ɗan shekara 23, an zuba masa dukiyar da duk dangi da unguwa suka sa wa ido, mutum ɗayan da zai iya tsawata masa ya tafi. Sannan shi da bakinsa ya ce an gano yana da ciwon ɗaukewar numfashi cikin barci. Masu wannan ciwon muna ganinsu: mutum ya kwana takwas a gado ya tashi kamar bai runtsa ba, ya zauna a taro ya hau gyangyaɗi, a ce masa malalaci. Ban ce wannan ya wanke shi ba. Na ce dai ƙungiyar da ta zuba miliyan 32 a jikin mutum ya kamata ta san abin da yake damun jikin.

Kawu Direba: Hajiya, Allah ya ba ki lada, maganar rasuwa ba ni da ja a kanta. Amma ke ma kin san ƙiba tana ƙara wannan ciwon. Kuma kada mu ɓoye wa Baban Iman sauran: wata biyu bayan Raiders ta sallame shi a Mayun 2010, 'yan sanda suka kama shi a gidansa a Mobile kan maganin tari mai kodin ba da takardar likita ba.

Baban Iman: Kodin?! Inna lillahi. To yanzu kun zo unguwarmu. Mu nan sai da gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018, bayan ya gama da samari da matan aure. Ashe har masu miliyoyin dala.

Anti Nas: A cika magana dai, Kawu. Masu taimaka wa alƙali sun duba ƙarar a Oktoban shekarar suka ƙi gurfanar da shi, aka bar maganar. Kada a tafi da rabi.

Kawu Direba: Na karɓi gyara.

Mai Lissafi: Rabuwar ma ba ta yi daɗi ba. Raiders ta shigar da ƙara tana neman ya dawo da dala miliyan 9.55, wai albashin gaba ne aka ba shi. Shi ma ya ce yana bin su. Sai 2013 aka sasanta, kuma su ne suka ƙara masa miliyan 3. Abin da ya fi wannan: a yarjejeniyar NFL da ƙungiyar 'yan wasa ta 2011 aka rage wa duk sababbin shiga albashi, sunan Russell kuma shi ake ta kawowa misali. Sam Bradford, na ɗaya a 2010, an tabbatar masa miliyan 50. Cam Newton, na ɗaya a 2011, duka kwantiraginsa miliyan 22. Ƙungiyar 'yan wasan da kanta ta amince, don tsofaffin ciki sun gaji da ganin wanda bai taɓa shan karo ba ya fi su albashi.

Ɗan Bronx: Wannan ai ni ya taimaka. Sun yarda tsarin ne ba daidai ba. Kuma dubi Alex Smith, na ɗaya a 2005: shekararsa ta farko ci 1, cafewa 11, duk shekara sabon mai tsara hari. Kowa ya ce asara ne. San Francisco ta yi haƙuri, koci Jim Harbaugh ya zo a 2011 suka yi 13 da 3. Peyton Manning kansa an cafe masa 28 a shekarar farko. Russell kaka uku kawai aka ba shi, ta farkon ma babu ita.

Kawu Direba: Ka kawo Alex Smith, ka yanka kanka da wuƙarka. Me ya sa aka yi haƙuri da shi? Don duk kocin da ya zo ya tarar da shi a ɗakin bidiyo. Ga tambayata ta ƙarshe, zan tashi in duba taya. NFL ƙungiya 32 ce. Cire Raiders, saura 31. Yaro ɗan shekara 24, mai hannun da babu irinsa, ya fito kasuwa kyauta, a wasan da ake neman kwatabak kamar ruwa a rani. Ko Ryan Leaf, kwatabak ɗin da ya watse a San Diego, ya samu Dallas ta sa shi a fili. Wa ya ɗauki Russell?

Ɗan Bronx: Kamun nan na Yuli ne ya tsorata su. Kuma a 2013 ya rage ƙiba, Chicago Bears ta kira shi gwaji.

Kawu Direba: Ta kira. Ta ba shi biro?

Baban Iman: Ni dai da na zo ban san komai ba, abin da na gani shi ne in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ɗan Bronx: Yaya, kada ka raba mana faɗa da karin magana, yanzu ka gama cewa zalunci ne da lasisi.

Baban Iman: Lokacin ban ji miliyan 32 ba.

Ɗan Bronx: Shi ke nan, na rage: ban ce ba shi da laifi ba, amma kaso mafi tsoka na Al Davis ne, a nan na tsaya. Zan turo bidiyon Sugar Bowl ɗin yanzu, Yaya ya ga hannun da ake magana.

Kawu Direba: Turo. In ka gama ka haɗa masa da na 2009, duka goma sha ɗayan, in na tsaya shan mai a Ohio zan duba ko ka rage.