Wata uku zan yi a babban birni, ta ina za mu fara?

Autar Gida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Makona biyu ke nan da fara aikin sanin makamar aiki a wani kamfani, a birnin da ban taɓa zama ba. Wata uku zan yi. Mu huɗu ne ɗalibai a sashenmu, kowa da makarantar da ta turo shi, jininmu kuma ya haɗu, har muka yanke shawarar duk ranar da babu aiki mu fita mu ga gari. Fitarmu ta farko a tasha ta ƙare. Layin daidai ne, amma jirgin da muka hau ɗaya ɓangaren ya nufa, kafin mu gane mu juyo yamma ta yi. Yayyena da kuka riga mu, ku taimaka da shawara.

Yaya Injiniya: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kusan duk baƙo da wannan yake farawa. Jirgi ko bas, sunan tashar ƙarshe ake rubutawa a goshinsa, ba sunan inda za ki sauka ba. Ki haddace sunayen tashoshi biyu da ke ƙarshen layinku, na nan da na can, shi ke nan kin rabu da wannan matsalar. Kuma kada ku ce za ku cinye birnin a wata ɗaya. Ku riƙe layin da ke kai ku aiki, duk mako ku sauka a tasha guda da ba ku taɓa sauka ba, ku zaga da ƙafa. Mutum na yin kusan kilomita 5 a awa, wato tafiyar minti 15 ta wuce kilomita guda. Wannan ya isa ku san unguwa.

Malam Mai Taswira: Ina tare da Yaya a batun ƙafa. A Landan na yi nawa, kuma a can na gane cewa taswirar jirgi ba taswirar gari ba ce. Ta jiragen ƙarƙashin ƙasa na birnin, wadda wani mai zane Harry Beck ya zana, aka fara rabawa a 1933, jerin tashoshi da mahaɗar layuka take nunawa, ba ta damu da ainihin nisa ba. Tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden bai kai mita 300 ba, amma sai ka ga baƙo ya sauka ƙarƙashin ƙasa, ya jira jirgi, ya sake hawowa, alhali mai tafiya a ƙafa ya riga shi isa. Birane da yawa irin wannan zanen suka kwaikwaya, don haka ku riƙa haɗa shi da taswirar tituna.

Sannan tun kina masauki ki sauke taswirar birnin a Google Maps don ta yi aiki babu data. Ki sani dai, wadda aka sauke hanyar mota kawai take lissafawa, ba ta ba da ta ƙafa ko ta jirgi sai da intanet. Ɗigon nan mai nuna inda kike zai ci gaba da aiki, domin daga tauraron ɗan'adam yake samun saƙo. Tsakanin dogayen gine-gine yakan yi tsalle ya ajiye ki a wani titin, saboda saƙon na bugun bango kafin ya iso wayar. Idan haka ta faru, ɗaga kai ki karanta allon titi.

Anti Malamar Jinya: 'Yata, ni ta wani gefen zan zo. Mako biyu kacal kika san waɗannan abokan. Ba na zargin kowa, amma sabo ba ya hana taka-tsantsan. Duk fitar da za ku yi, wani naki ya san inda kuka nufa da lokacin dawowa. WhatsApp na bari ki tura inda kike kai tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Ki rubuta adireshin masaukinki da lambar mutum biyu a takarda ki sa a jaka, don waya na mutuwa a lokacin da aka fi bukatarta. Ki kuma tambayi lokacin tashin jirgi ko bas na ƙarshe tun kafin ku bar gida.

Autar Gida: Na gode Anti, takardar ma yanzu zan rubuta. To wuraren zuwa fa? Alawus ɗin namu ba shi da yawa.

Ɗan Kwana Casa'in: Mafi daɗin fitar da na yi ban kashe komai ba sai kuɗin hawa. A Istanbul ne, muka hau jirgin fito daga Eminonu zuwa Kadikoy, kusan minti 20 a kan ruwa, ka tashi daga Turai ka sauka a Asiya, da katin da muke hawa bas da tarago. Mutanen gari aiki suke tafiya, mu kuma muna ta kallo. Abin da nake nufi, ki nemi abin hawa na yau da kullum da ke ratsa wuri mai kyau, ku hau shi har ƙarshe ku dawo. Daga nan sai lambunan shaƙatawa, babban ɗakin karatu na birnin, da harabar jami'o'i. Ki riƙa yawo da katin ɗalibta, gidajen tarihi da yawa na yi wa ɗalibai rangwame.

Malam Mai Taswira: Wasu ma kyauta ne, kamar British Museum na Landan da aka buɗe tun 1759. A dai duba ranar hutunsu kafin a tafi, don da yawa a duniya Litinin suke rufewa.

Yaya Injiniya: Bari in faɗi wadda ba a cika so a ji ba. Kuɗi ne ke raba irin wannan tafiyar. A cikin mutum huɗu dole akwai wanda aljihunsa ya fi nauyi, da wanda ke lissafin kuɗin mota na gobe amma kunya ta hana shi magana. A namu rukunin haka muka rasa mutum guda, ya riƙa cewa ya gaji, sai daga baya muka gane ba gajiya ba ce. Har yau abin na damuna. Ku yi maganar tun a gida: nawa kowa zai iya kashewa, a tsaya a kan na mai ƙaramin ƙarfi. Zaɓen wuri kuma a yi shi karɓa-karɓa, kowa da makonsa.

Anti Malamar Jinya: Wallahi gaskiya ne. Kuma kada yawo ya ci aikin da ya kai ki. Wanda ke duba ki a ofis shi zai sa hannu a takardar da za ki mayar makaranta, kuma makara ce abu na farko da yake lura da shi. Ranar da ke gab da komawa aiki ku dawo da wuri. Littafin da kike rubuta ayyukan kullum, ki cike shi kafin ki fita, kada ki tara na mako guda.

Ɗan Kwana Casa'in: Anti, ni dai ina ganin ma'aikatan ofis ɗin ma hanya ce. Ki tambayi mai gadi ko direba ko wadda ta fi daɗewa a sashen, ina suke kai baƙonsu idan ya zo. Amsarsu ba ta cikin waya. Wata ma'aikaciya ce ta nuna mana wani tudu da ake hango rabin birnin daga kansa, sau uku muka koma.

Autar Gida: Allah ya saka da alheri, na tura wa sauran ukun duk abin da kuka rubuta. Mun tsayar da Asabar: tasha ta biyar daga masaukinmu akwai lambu da ɗakin karatu kusa da juna, can za mu sauka. Maganar kuɗin ni zan fara ɗauko ta gobe a lokacin hutu. Yaya Injiniya, katin hawa na wata guda ya fi, ko in ci gaba da sa kuɗi kaɗan-kaɗan?

Yaya Injiniya: Ƙirga hawanki na mako guda, zuwa da dawowa har da na Asabar, ki ninka sau huɗu, ki gwada da kuɗin katin watan. Turo min lissafin idan kin gama, mu duba tare.